Tanadi a Ɗakin Malam Ashafa

Da bakinsa Malam Ashafa ya ce a shigo da buhunan waken farko ɗakinsa.

Kaka ce, an gama roron wake, gero da dawa sun cika rumbu. Ƙaninsa Abdulkahar ya tsaya a bakin ƙofa yana goge gumi da hularsa.

"Yaya, ɓeraye sun addabi soro. 'Yan buhuna ne, can a kusurwa za a jingine su, kafin in gina sito."

Malam Ashafa yana kwance a kan katifarsa ta ƙarƙashin taga. Tun damina waccan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannu da ƙafa ba sa motsi, baki ya ɗan karkace, magana tana fita amma sai an yi haƙuri da ita. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya Zaituna tana aure a Jahun. Gidan na ubansu ne, a wani ƙauye kusa da Taura, amma yanzu komai na gidan a hannun ƙanin yake.

"Shigo da su," in ji shi. "Ai ɗakin ya yi mini yawa."

Duk ƙauyen an san Abdulkahar da tanadi. Tun shekarar da kogi ya yi ambaliya ya tafi da rumbunan mutane ya rantse ba za a sake kama shi ba shiri ba. In ya ji a rediyo an ce mai zai yi wuya, sai ya sayi mai. Da aka yi rikici a Kaduna ya ce hanyoyi za su toshe, ya jibgo gishiri da ashana da sabulu. Matan maƙwabta in kanwa ta yanke musu, gidansa suke aikowa. A majalisa har kwatance ake yi da shi.

Da ya dawo daga kasuwar Gujungu ranar wata Lahadi, sai ga shi da wani ɗan gwangwani mai murfi. A ciki akwai ƙwayoyi masu launin toka, maganin ƙwarin hatsi da manoma ke kira bom. Ya ƙudundune kowace a tsumma, ya cusa ta tsakiyar buhu, ya ɗaure bakin da igiya. Kafin la'asar ɗakin ya ɗauki wani wari kamar na tafarnuwa da ta ruɓe.

Da ya fito ya wanke hannunsa da toka, ya kira matarsa Zakiyya.

"Daga yau kada yara su sake shiga ɗakin Yaya. Ko ƙwallonsu ya faɗa ciki, ke za ki ɗauko."

Zakiyya tana tankaɗe. Ta dakata, rariya a hannu.

"Malam, in maganin ba ya son yara, shi Yayan fa?"

"Yaya babba ne. Jikin babba ba ɗaya yake da na yaro ba. Kuma ga taga a kansa."

Yaran nan su ne 'yan hirar Malam Ashafa. Su ke kore masa ƙuda, su ke ba shi labarin wanda ya faɗi a makarantar allo da wadda akuyarta ta haifi uku. Suka daina zuwa. Yakan ji muryoyinsu a tsakar gida, ya kira, su amsa daga nesa.

Ciwon kai ya fara yi masa sallama da safe, ya lafa da rana in iska ta shigo. Bai faɗa wa kowa ba. Mutumin da ake ɗaga shi, a wanke shi, a ba shi abinci a baki, yana jin nauyin ƙara wani kuka a kan waɗannan.

Ba a gina sito ba. Siminti ya yi tsada, in ji Abdulkahar, kuma sito a waje gayyatar ɓarayi ne. Ɗakin da ake kwana a ciki kuwa ɓarawo ba ya kusantarsa. Buhunan suka tashi daga kusurwa suka bi bango. Aka kawo takin zamani da aka saya tun kafin ya yi wuya. Aka kawo jarkokin kananzir, aka kawo na fetur don injin ban-ruwa, aka jera su a bayan ƙofa. In rana ta take, jarkokin sukan kumbura suna huci.

Wata safiya Abdulkahar ya shigo da magini, da kwandon laka.

"Me za a yi?" in ji Malam Ashafa.

"Tagar nan ce, Yaya. Jiya an zura sanda ta tagar wani gida a ƙauyen gaba, an huda buhu, an tsiyaye rabinsa. Kuma ta nan ɓera ke shigowa."

"Ta nan nake jin kiran salla."

"Ai ladan da ƙarfi yake yi. Za ka ji ta ƙofa."

"Ta nan mutane ke gaishe ni."

"Mai son gaishe ka ya yi sallama ya shigo. Gaisuwa ta taga ai ba mutunci ba ce."

Malam Ashafa ya buɗe baki zai ƙara magana, harshen ya yi masa nauyi. Kafin kalmar ta fito magini ya ɗora curin laka na farko. Yana kwance yana kallo hasken yana ƙanƙancewa, ya koma kamar faifai, ya koma kamar tafin hannu, ya ɗauke. Maginin bai dube shi ba har ya fita. A tsakar gida aka ji yana tari, yana neman ruwa.

Aka janye katifar daga jikin bango aka mai da ita tsakiyar ɗaki, domin bangon ya samu a jera masa buhuna. Yanzu ta ko'ina ya juya kansa buhu yake gani. In zai yi salla, ya yi taimama da dutsen da ke gefen matashinsa, ya fuskanci gabas, buhun taki ne a gabansa.

Amai ya zo bayan ciwon kan. Zakiyya ce ke kawo masa kunu, ita ke kwashe abin da ya dawo da shi. Takan riƙe numfashinta in za ta shiga, ta fito idanunta suna ruwa. Wata rana ta ɗaga tabarmar da ke bayan jarkoki, ta tarar da kazarta da ta ɓata tun shekaranjiya. Ta shiga neman wurin ƙwai ne, ta mutu a kwance a kansu.

Ta kai wa mijinta ita a zaure, riƙe da ƙafafu.

"Malam, dubi."

"Ciwon kaji ne. Ya shigo gari."

"Sauran lafiyarsu ƙalau. Don Allah a mai da Yaya ɗakin soro, ko a fitar da waken."

"Soro yana yoyo. Kina so a ce na jefar da yayana a soro kamar baƙo? Waken kuma in fitar da shi in kai ina? Ke ba ki ga shekarar ruwa ba, kina gidanku. Ni na ga manya suna cin tafasa ba gishiri. Abin da ke ɗakin nan, ranar da wuya ta zo, har Yayan shi zai ci."

"To a riƙa fito da shi inuwa da rana."

"Wa zai ɗauke shi? Ni ina fadama tun safe. Ki jefar da kazar nan kafin yara su gani."

Liman Malam Misbahu ya zo dubiya bayan Juma'a. Ya tsaya daga bakin ƙofa, domin hanyar da ta rage tsakanin buhuna ba ta wuce ta mutum ɗaya a karkace ba. Ya yi addu'a, ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci.

"Malam," in ji Malam Ashafa daga ciki, a hankali, "iska nake so."

Liman ya juya ya dubi Abdulkahar.

"Ya ce iska?"

"Haka yake ta faɗa, Allah gafarta Malam. Iska, iska. Ni ma na fara tunanin ko taɓa shi suka yi."

Liman ya gyara tsayuwa. Ya dubi jarkokin, ya dubi tagar da aka toshe. Ba mugun mutum ba ne, ya kuma gane wace iska ake nufi. Amma a bara da amfanin gonarsa ya ƙare, daga gidan nan aka kai masa damin gero ba tare da ya roƙa ba.

"Kayan nan ba su yi masa yawa ba kuwa?"

"Na ɗan lokaci ne. Ai ku kuka karantar da mu, Annabi Yusufu ma tara abinci ya yi saboda shekarun yunwa."

"Haka ne, haka ne. Tanadi ba laifi ba ne. A dai riƙa barin ƙofa a buɗe. Zan aiko da rubutu."

Rubutu ya zo a kwalba. Malam Ashafa ya sha, ya amayar.

Zaituna ta samu izinin mijinta Hussaini ta zo da ƙaramar salla. Ta yi sallama a ƙofar ɗakin, ta shiga, ta tsaya har idanunta suka saba da duhun. Mutumin da ta gani a kan katifa ya ragu. Ƙasusuwan wuyansa sun fito, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan zare a ƙwarya. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, tashi za mu yi. Hussaini ya ce in taho da kai. Akwai ɗaki a zaurensa, ga asibiti kusa."

Ya girgiza kai.

"Gidan suruki? Ina da gidan ubana, in je in kwanta a zauren suruki, yana ganin ana wanke ni?"

"To a kai magana gaban alƙali. Yanzu shari'a ake yi. Rabin gidan nan naka ne."

"Ni in kai ƙanina kotu? Nono ɗaya muka sha. Me za a ce a gari?"

"Baba, mutuwa kake yi."

"Kowa ma yi yake."

Ta fita ta samu Abdulkahar yana gyaran injin ban-ruwa a gindin bishiya. Ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Baffa, don girman Allah a fitar da kayan nan daga ɗakin Baba."

Bai ɗago ba.

"Ke da kike zuwa daga salla sai salla. Wa ke juya shi? Wa ke kwashe masa fo kullum safiya? Tuwon da yake ci daga ina yake fitowa? Ku 'yan birni kun saba da awo, yau a sayo, yau a cinye. Ni ba haka nake riƙon gida ba."

"Baffa, warin ne. Ni da na shiga yanzu kaina yana sarawa."

"Ciwon ubanki daga Allah yake, tun kafin wake ya shiga ɗakin. In kin fi ni son sa, ga shi nan, ɗauke shi."

Ya san yayan nasa ba zai yarda ya tafi ba. Zaituna ta koma Jahun da yamma tana kuka a motar haya.

Bazara ta shigo. Kwanon rufi yakan yi zafi tun hantsi, ɗakin ya zama kamar tanderu. Abdulkahar ya ga ƙwari sun fara yawo a bakin wani buhu, ya ce maganin ya yi sanyi, ya sake cusa sababbin ƙwayoyi.

Ranar da zafin ya fi tsanani, Zakiyya ta kai fura ta tarar da shi ya zame daga katifa. Ya ja jikinsa da hannu ɗaya ya nufi ƙofa, ya maƙale tsakanin buhuna, fuskarsa a ƙasa. Ta ajiye ƙwaryar. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da yayan mijinta ba, balle ta taɓa shi. Ta kama shi ta hammata, ta ja shi da baya har dokin ƙofa, ta ja shi har inuwar katanga. Ta jiƙa zani ta shafa masa a fuska.

Ya daɗe yana jan iska, baki buɗe. Yaran suka matso suka kewaye shi. Ƙaramar ta ɗauko mafici tana yi masa fifita. Ya dubi sama, ya dubi darbejiyar maƙwabta da ta leƙo ta kan katanga.

"Ashe ta yi fure," in ji shi.

A haka Abdulkahar ya shigo ya same su.

Bai yi faɗa a gaban yayansa ba. Ya ɗauke shi cak, ya mai da shi kan katifa, ya ce rana za ta yi masa illa. Sannan ya kira Zakiyya ɗakinta.

"Da hannunki kika ɗauko shi?"

"Malam, faɗuwa ya yi."

"Na ce da hannunki? Namijin da ba muharraminki ba? Ba ki jin wa'azin da ake yi? A wannan zamanin da ake gyara al'amura, a ce matata tana rungumar yayana a tsakar gida, a gaban 'ya'yana?"

"Wallahi ba don..."

"Daga yau ki ajiye kwano a bakin ƙofa ki juya. Ni zan shigar masa in na dawo. Kika sake tsallaka dokin ƙofar nan, ki wuce gidanku."

Zakiyya tana da 'ya'ya huɗu a gidan, ubanta ya rasu, gidan da ake cewa nasu yanzu na wanta ne. Ta riƙa ajiye kwano a bakin ƙofa. Kunun safe yakan kai azahar a wurin, ƙuda sun rufe faifan. Takan ji shi yana kiran ruwa. Sai ta ɗaura moɗa a bakin dogon kara, ta tsaya daga waje, ta zura masa. Rabin ruwan a ƙasa yake zubewa.

Daga baya ya daina kira.

Da Abdulkahar ya dawo daga fadama wata la'asar, ta tare shi tun a zaure.

"Tun safe ban ji motsinsa ba sai nishi. A kai shi asibiti."

Ya shiga ya fito. Fuskarsa ta canza, amma kaɗan.

"Motar garin nan ba ta da mai. Direban yana layi a Dutse tun shekaranjiya."

"Mai babur fa? Ko a ba mai motar ƙauyen gaba jarka ɗaya cikin na ɗakin."

"Na injin ne. Tumatir yana fure, in ruwa ya yanke masa kwana biyu shekarar ta tafi. Kuma ba a san ranar da mai zai dawo ba. Wannan na ajiye shi ne saboda larura."

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, wace larurar kake jira?"

"Ki iya bakinki. Zan karɓo masa ƙwayar zazzaɓi a kanti."

Washegari Safa, Bafulatanar da ke kawo musu nono, ta shigo kamar kullum. Ita kan kai nononta har kasuwar Jahun. Zakiyya ta ja ta bayan rumbu, ta kwatanta mata gidan Hussaini mai gyaran keke.

"Ki ce da Zaituna kada ta tsaya neman yardarsa. Ba ya iya cewa a'a yanzu."

Kwana ɗaya tsakani suka iso da hantsi, Zaituna da mijinta, a kan amalanken shanu da suka ɗauko haya, an shimfiɗa katifa a ciki. Hussaini ya gaida Abdulkahar a durƙushe, ya ce sun zo ne su kai Baba asibiti. Mutane sun fara taruwa a ƙofar gida. Abdulkahar ya dubi taron, ya ce ai dama abin da yake ta shirin yi ke nan, mai ne ya hana.

Sai dai hanyar cikin ɗakin ba ta isa mutum biyu su ɗauko na uku ba. Dole a fitar da buhunan da ke bakin ƙofa. Maƙwabta suka tuɓe riguna suka kama. Abdulkahar ya tsaya a kansu.

"A hankali, kada ku ja shi a ƙasa, zai yage. Ba nan ba, rana za ta buge shi. Zakiyya, kawo tabarmi a shimfiɗa a inuwa. Ku ɗora a kai, ƙasar nan akwai gara."

Buhuna suka cinye inuwar katanga, suka cinye tabarmin gidan. Da aka fito da Malam Ashafa, ba inda za a ajiye shi kafin a juyo da amalanke, sai aka kwantar da shi a ƙasa, a tsakiyar rana. Zaituna ta cire mayafinta ta riƙe a kansa. Ya buɗe ido, ya ga surukinsa durƙushe yana gyara masa zanin da ya zame. Ya juyar da fuskarsa, hawaye ya gangara ta gefen bakin da ya karkace.

Ɗaya daga cikin masu ɗaukar buhun ya koma gefe yana kakarin amai. Wani dattijo ya ce, "Kai, a nan ciki bawan Allahn nan yake kwana?" Mutane suka kau da kai. Kowa a wurin ya taɓa cin gishirin gidan, kuma damina tana tafe.

Amalanke ta ɗaga. Abdulkahar ya raka ta har bakin masallaci yana cewa Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ce.

Malam Ashafa bai ga ruwan farko ba. A asibiti an ce an makara, huhun ya riga ya tafi. Ya ƙarasa a zauren surukin da yake jin kunya, ƙofa a buɗe, domin da hannunsa mai motsi yakan nuna a bar ta haka. A zaman makoki mutane suka riƙa kama hannun Abdulkahar suna cewa ya yi ƙoƙari, ya riƙe ɗan'uwa har ƙarshe, ba kowa ke iyawa ba. Shi ma ya yi kuka, kuma kukan gaske ne. Har yau in ka tambaye shi zai ce maka bai taɓa barin yayansa ya kwana da yunwa ba.

Amma a ranar da amalanken ta tafi, tun ƙurarta ba ta kwanta ba, ya dawo gida ya sa aka mai da buhunan. Aka naɗe katifar aka jefa kan rumbu, wurinta ya ci buhu shida. Ya ja ƙofar, ya sa sabon kwado, ya kwaɓa laka da hannunsa yana liƙe gefe-gefenta. Zakiyya tana tsaye a bayansa da kwanon kunun safe da ba a taɓa ba.

"Dama buɗe ƙofar nan safe da yamma shi ke sa maganin ficewa," in ji shi, yana lailaye lakar da babban yatsa. "Bana waken nan ba zai huje ba."

Bai kuwa huje ba.